Ciwon da ya fi na jiya zogi

Kakar bara, ana tsakiyar yankan hatsi, ƙanena ya taka kututturen kara a gonarmu ta gado da ke ƙasar Gecheme. Takalmin soso ne a ƙafarsa, tsinin ya huda shi ya shige tafin ƙafa. Ya zare, ya matse jini, ya barbaɗa ƙasa, ya ɗaure da tsumma, ya koma bakin aikinsa. Ni ina Dogon Dutsi wurin koyarwa, ban ji labari ba sai ranar Asabar da na je gida, kwana shida ke nan da faruwar abin. Na tarar da shi kwance a zaure da hantsi, mutumin da rana ba ta taɓa fito masa a gida ba lokacin kaka.

"Ba komi, Yaya," in ji shi. "Kara ne kawai. Masassara ce ta kayar da ni."

Bakin ciwon bai kai ƙwayar wake ba, har ya rufe. Da ido kaɗai na duba, da na yarda da shi. Sai da na ɗora bayan hannuna a kan ƙafar, na mayar a kan ɗayar, na ji kamar guda ta yini a rana, guda a inuwa. Fatar ta ɗame tana sheƙi, idon sawu ya nutse cikin kumburi. Na tambaye shi ko akwai kaluluwa, ya ce tun shekaranjiya. Inna daga bakin ƙofa ta ce, "Ku bar shi ya nuna. In ya fashe ya huta."

Bayan sati biyu 'yata mai shekara 9 ta faɗi daga keke a unguwarmu, gwiwa ta ɗaye. Muka wanke da ruwa da sabulu muka rufe. Washegari wurin ya ɗan tasa, ya yi ɗumi, wani ruwa-ruwa mai kalar man gujiya yana tsattsafowa. Hankalin uwarta ya tashi. "Malam, ciwon nan ya yi ruwa. Bari in aika a sayo kafso a zuba." Yarinyar kuwa tana tsakar gida tana ɗingishi tana cin ƙosai, ta kuma ce bai kai jiya zafi ba.

Gida ɗaya, wata ɗaya: ciwon da zai iya cin ƙafa an ce a bar shi ya nuna, wanda yake warkewa lafiya lau an tasar masa da magani. Na daɗe ina juya wannan a raina, kuma na ga ba gidanmu kaɗai ba ne. Daga Matankari har Dumega haka muke yi. Muna auna ciwo da girman bakinsa da munin kallonsa, alhali abin da ya kamata a auna shi ne inda ya dosa. Ciwon da ke warkewa, yau ya fi jiya sauƙi. Wanda ƙwayoyin cuta suka kama, yau ya fi jiya tsanani. In mutum bai riƙe komai daga rubutun nan ba sai wannan, ban yi asarar tawada ba.

Jiki yana da tsarinsa na gyara. Da fata ta tsage, jini ya daskare ya toshe ɓaraka. Daga nan kwana biyu zuwa uku jiki yana turo jini da dakarunsa wurin, shi ya sa gefen ciwon yake ɗumi, ya ɗan kumbura, ya yi zafi in an taɓa. Wannan aiki ne ake yi, kamar hayaniyar magina a gidan da ake gyara. Ruwan nan garai-garai mai ɗan rawaya, marar wari, wanda ya firgita maiɗakina, na cikin aikin. Daga kwana na uku ko na huɗu sabon nama yake fara tohowa, ja mai damshi, gurji-gurji, bakin ciwon yana tsukewa daga gefe, kuma wannan yakan ɗauki sati biyu zuwa uku gwargwadon girman raunin. Ƙaiƙayi ya zo, yara su yi ta ɓamɓare ɓawon ana kwaɓarsu. Tabo kuwa yakan shekara yana sauya kama, kuma ko ya gama ba ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fata ta asali, abin da ya sa tsohon tabo yake saurin fashewa.

Inda rikicin yake shi ne, alamun farkon warkewa da alamun farkon kamuwa kusan iri ɗaya ne. Wani marubucin Rum mai suna Selsus ya lissafa su tun ƙarni na 1 na Miladiyya: ja, zafi, kumburi, ciwo. Har yau su ake koya wa ɗaliban kiwon lafiya. Amma irin alamun nan suna nan a gwiwar 'yata, suna nan a ƙafar ƙanena. Abin da ya raba su lokaci ne da iyaka. Nata sun tsaya a gefen ciwon, faɗin da bai wuce kaurin yatsa ba, sun ja baya a kwana na uku. Nasa a kwana na uku suka fara, suka ƙetare idon sawu suna hawa.

Ina da ƙorafi a kan alamar farko ta Selsus. Duk takardar wayar da kai da na taɓa gani, da Faransanci ko wadda aka mayar Hausa, da "ja" take farawa: in wurin ya yi ja, ka je likita. A fatar wa? Bature ne ya rubuta yana kallon hannunsa. Manomin Arewa da rana ta gasa shekara arba'in, ƙafarsa ba za ta yi ja ba ko da wuta ke ci a ciki. Abin da ake gani a fatarmu shi ne wurin ya fi kewayensa duhu, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ya ɗame, ya yi sheƙi kamar an shafa mai. Sau da yawa ma hannu yana riga ido sani. Ka taɓa da bayan hannu, ka gwada da ɗaya ƙafar ko ɗaya hannun a daidai wurin. Mun kwashe shekaru muna gaya wa mutane su jira launin da ba zai zo ba, sannan mu ce sun makara.

A kan babur muka kai ƙanena gidan likita mafi kusa. Majo, wato ma'aikacin jinyar da ke wurin, ya duba, ya buɗe ciwon, ya fitar da mugunya da wani ɗan sili na kara da ya karye a ciki, ya wanke, ya yi masa allurar tetanos, ya rubuta magani. Sannan ya yi abin da ban taɓa gani ba. Ya zaro biro daga aljihu ya zagaye iyakar kumburin a kan fata, ya rubuta kwanan wata a gefe.

"Mushe," ya ce da ni, "kai ne mai karatu a gidan. Gobe war haka ka duba. In zafin da kumburin sun ƙetare layin nan, kar ku dawo wurina, ku wuce Dutsi babbar likita. In sun tsaya ko sun ja baya, magani yana ci."

Biro na dala ashirin. Shekara nawa ina riƙe da shi ina gyara wa yara rubutu, ban san yana auna ciwo ba. Hikimar ita ce ido mantuwa gare shi. Wanda yake kallon ƙafa kullum ba ya ganin ta ƙaru, kamar yadda uwa ba ta ganin girman ɗanta sai baƙo ya faɗa. Layi kuwa ba ya mantuwa, kuma ba ya buƙatar wanda ya yi lakwal. Kowace tsohuwa za ta iya ganin kumburi ya tsallake zane. Inda babu biro, gawayi ma ya isa, a nesa da bakin ciwon. Masu wayar hannu su ɗauki hoto kowace safiya a wuri ɗaya cikin haske ɗaya.

Sai batun mugunya, wanda a nan ne na yi gardama da Inna, cikin ladabi. Ita a wurinta ciwo kamar mangwaro ne, sai ya nuna. Ba ita kaɗai ta taɓa ɗaukar haka ba. Likitocin Turai sun yi ɗaruruwan shekaru suna murna in sun ga mugunya a raunin da suka yi wa aiki, suna ɗaukarta alamar alheri, har sai da Joseph Lister na Glasgo ya nuna a 1867 cewa in an kashe ƙwayoyin cuta a rauni da kayan aiki, yana warkewa ba tare da ita ba. Kuma Inna tana da rabin gaskiya: maruru in ya tara, sauƙinsa a fitar da abin da ke ciki. Amma maruru a saman fata yake. Hudar kara ko ƙayar aduwa ko ƙusa a tafin ƙafa rami ne mai zurfi da ƙaramin baki. Bakin ya rufe da wuri, abin da ke ciki ya rasa hanyar fita, sai ya bi nama da jijiya ya yi sama. Kafin ya "nuna" ya kai ƙashi. Mugunya mai kauri, fara ko rawaya ko kore-kore, balle mai wari, ba ta cikin warkewa ko kaɗan. Gawarwakin yaƙi ce, shaidar cewa akwai abokin gaba a ciki.

Zogi ma yana magana in an saurare shi. Raɗaɗin ranar farko kowa ya san shi. Wanda ake tsoro shi ne mai bugawa kamar ganga, wanda ya lafa sannan ya dawo, wanda yake hana barci a dare na uku ko na huɗu. Mu kuwa a nan Arewa an raine mu a kan dauriya. Namiji ba ya cewa wayyo a kan kara. Ina girmama wannan hali a gona da fagen kokawa, amma a kan ciwo ya sa mun toshe bakin mai kawo rahoto. Ƙanena ya kwana uku ba barci bai gaya wa kowa ba, har matarsa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masassarar. Kaka lokacin zazzaɓin sauro ne, kowane gida akwai mai kwance. Saboda haka duk zafin jikin da ya zo a watan Satumba ko Oktoba sunansa ɗaya, maganinsa ɗaya. Ƙanena ya sha maganin zazzaɓin sauro kwana biyu, bai taɓa haɗa masassararsa da ƙafarsa ba. Mai rauni in ya fara zazzaɓi ko rawar ɗari, ko kaluluwa ta fito masa a matsematsi ko hammata ta ɓangaren ciwon, ko aka ga wani layi mai zafi yana hawa daga ciwon zuwa sama, to abin ya bar wurin da ya fara. Ya je a huda yatsa a gwada jini, amma ya kwance tsumman ya nuna ƙafar, ko ba a tambaye shi ba, don cutar biyu suna iya haɗuwa a jiki ɗaya. In kuwa numfashi ya fara sauri, mutum yana sambatu ko ya yi laushi, fitsari ya ragu, wannan ba na jiran wayewar gari ba ne. Cutar ta shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2017 mutum miliyan 11 suka mutu ta wannan hanya, kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar a duniya. Yawancinsu ba daga rauni abin ya faro ba, amma rauni ƙofa ce daga cikin ƙofofin, kuma ita ce wadda ake gani da ido.

Akwai ciwo guda da ba ya bin ƙa'idar jiya da yau, dole in faɗe shi. Tetanos, mai sarƙe haƙora ya sandarar da wuya. Ƙwayarsa tana zaune a ƙasa da kashin dabbobi, wato a duk gonar da aka kai wa taki, tana kuma son rami mai zurfi marar iska. Rauni yana iya warkewa sumul, amma bayan kwana 3 zuwa 21 da jin raunin mutum ya kasa buɗe baki. Ƙasar da ƙanena ya barbaɗa don tsayar da jini, da kashin shanun da wasu ke shafawa, gayyata ce. Matanmu suna samun allurar a wurin awon ciki, yara suna samu a rigakafi. Magidanci mai hauya da lauje, wanda ya fi kowa taka ƙaya, shi ne ba wanda ya tuna da shi tun yana goye. Duk huda mai zurfi ko rauni mai datti, a je a tambayi allurar a ranar, kome kyan ciwon. Cizon kare ma haka: a wanke da sabulu da ruwa mai yawa minti 15, a tafi likita a ranar, kar a tsaya kallon ko zai kumbura.

Na koma kan kafson maiɗakina. Na hana, kuma mun yi 'yar tsama a kai. Kowa ya san shi, ja da rawaya, yana cikin tiren mai tallar magani a kowace kasuwa, rana tana dukansa tun safe. A ɓare a zazzage garin a kan ciwo, ko a haɗiye biyu a bari. Garin yana dunƙulewa da ruwan ciwon ya yi ɓawon ƙarya, a ga sama ta bushe a ce an warke, ƙasa tana ruɓa. Haɗiye biyu a bari kuwa horar da ƙwayar cuta ne. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, da bakinsa ya yi gargaɗi a 1945 cewa shan abin da bai isa ba zai koya wa ƙwayoyin jure magani. Ga shi muna gani. Haka man birki da baƙin man inji da ake zuba wa ƙunar salansa a tashar kabu-kabu, da toka, da man goge haƙori. Garin bagaruwa da wanzamai ke sa wa kaciya lokacin ɗari yana busar da wuri, ban musa ba, amma bushewa daban, tsabta daban, kuma uban yaro ya riƙa dubawa da kansa: kumburin da ke ƙaruwa, wari, zazzaɓi, ko yaro ya kasa fitsari, a ɗauke shi a tafi.

Har "bar shi ya sha iska" da muka gada ba ta tsira ba. Wani mai bincike a Ingila, George Winter, ya nuna a 1962 cewa raunin da aka rufe ya zauna da ɗan damshi ya fi wanda aka bari ya bushe saurin rufewa. Balle a garin da ƙuda da ƙurar hunturu suke. Abin da ƙaramin ciwo yake so kaɗan ne: hannu wankakke, ruwa mai tsabta da sabulu, ko ruwan da aka tafasa ya huce da ƙaramin cokali biyu na gishiri a lita ɗaya, sai bandeji ko ƙyalle wankakke da ake sauyawa kullum. Alkol a bar shi a gefen fata, cikin ciwon yana ƙona sabon naman da ke tohowa.

Wasu kuma ba su da damar jiran kwana uku. Mai ciwon sukari yana iya taka ƙaya bai ji ba, zogin da zai gargaɗe shi ya mutu, don haka duba ƙafa kowane dare wajibi ne gare shi, har faso. Mai sikila, gyambon idon sawu ba ya yi masa wasa. Jariri da cibiyarsa ta yi wari ko gefenta ya kumbura, a ranar za a kai shi. Mace da aka yi wa aiki wurin haihuwa ita ma: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a Afirka har kashi 20 cikin 100 na irinsu ɗinkin yana kamuwa, kuma kunya takan hana su nunawa. Duk ciwon da ya yi sati biyu bai ragu ba, ko na wane ne, a kai shi a gani.

Na san abin da za a ce mini: Mushe, kai albashi gare ka. Mutumin Sukukutan ko Dogon Kiriya da zai bar gona ranar yanka, ya biya babur, ya biya magani, ba zai tafi don kara ba. Gaskiya ne, kuma shi ya sa nake ganin sanin alamun ya fi amfani ga talaka a kan mai hali. Mai hali yana zuwa likita a kan komai. Talaka tafiya ɗaya gare shi, dole ya san ranar da za a yi ta. Gwiwar 'yata ba ta ci ko dala ba bayan sabulu. Ƙafar ƙanena da an kai ta ranar farko, wanki ne da allura. Da muka kai ta rana ta shida ta ci jaka da dama, ya kuma yi sati uku bai shiga gona ba, sai gayya aka yi masa aka ɗaure hatsin. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuwa tun 2006 doka ta ce a duba su kyauta a Nijar, ko da yake wani lokaci takarda ake ba ka ka sayo maganin.

Roƙona ga ma'aikatan lafiya na Dutsi da Tibiri ƙarami ne. Duk wanda kuka wanke wa ciwo, kar ya fita sai kun gaya masa da Hausa abin da zai gani gobe da jibi wanda ba abin tsoro ba ne, da abin da in ya gani ya dawo ko tsakar dare ne. Ku daina cewa "ja", ku ce duhu da sheƙi da zafi a hannu. Ku ja layin nan. Gidajen rediyon karkara su riƙa faɗar haka kafin kaka, lokacin da karan ke jiran ƙafafu. Mu malaman makaranta ma da laifinmu: muna koyar da sassan jiki a allo, yaro ya fito bai san bambancin ruwan warkewa da mugunya ba. Bana na sa shi cikin darasi, na sa kowane yaro ya taɓa goshinsa da bayan hannu ya taɓa na maƙwabcinsa, aji ya kaure da dariya.

Ranar Lahadi da la'asar na duba ƙafar ƙanena kamar yadda majo ya ce. Kumburin yana kan layi, bai ƙetare ba. Na kwana a ƙauye na aika a gaya wa darektan makarantarmu. Ranar Litinin ya ja baya da faɗin yatsa biyu, fatar ta fara yamutsewa, ya nemi fura da kansa. Inna ta sunkuya ta daɗe tana kallon zanen biron da kwanan watan da ke gefensa, ta ce a bar mata biron a gida kafin in koma Dutsi.